Zafi da Laima a Kejin Mesa: Inda Jarin Mai Kiwo Yake Tsira ko Ya Salwanta

Tun daga shekarar 1975 da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fara aiki, ƙasashen Togo da Binin da Gana sun fitar da ƙananan mesoshi masu rai fiye da miliyan 3 zuwa ƙetare, akasarinsu zuwa Amurka, inda ake ajiye su a cikin gida kamar yadda wani zai ajiye kyanwa ko aku. A cikin dukan dabbobin da yarjejeniyar ta ƙunsa, babu wadda aka fi fitarwa da ranta daga nahiyar Afirka kamar wannan macijiya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kwatano da Lome zai iya shekara ashirin a kan wannan hanya bai san ana wannan ciniki ba, domin kayan ba sa bi ta Dantokpa ko ta tashar mota. Daga gona sai filin jirgin sama.

Ya kamata a fara bambancewa, saboda da zarar an ce mesa, abin da ke zuwa a ran mai karatu shi ne ƙatuwar nan ta bakin kogi da ke haɗiye akuya, wadda tsawonta kan kai mita 5. Wannan ita ce masana ke kira Python sebae, kuma tun shekarar 2012 Amurka ta hana shigar da ita ƙasarta tare da mesar Bama, bayan da irin ta Bama ta bazu a fadamun jihar Filorida ta addabi namun dajin wurin. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce Python regius, ƙaramar mesa da ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ana samunta tun daga Senegal har zuwa Yuganda, ciki har da Nijeriya. Ita ce ake girmamawa a ɗakin bautar mesa na garin Wida a Jamhuriyar Binin, kuma a yankin Idemili na jihar Anambra al'ada ta hana kashe mesa.

Duk wannan ciniki, tun daga maharbin da ya tono ta a rami har zuwa yaron da ya saye ta a wani kanti a Cikago, ya rataya ne a kan lambobi biyu: yawan zafin da ke cikin kejin, da yawan laimar da ke cikin iskarsa. Wanda ya kuskure su, ko da ya sayi dabbar da tsada, ya zuba mata abinci mai kyau, asara zai yi.

Dalilin da ya sa zafi ya zama jari

Jikin ɗan Adam da na saniya da na kaza suna samar da zafin kansu daga abincin da suka ci, shi ya sa kullum sai sun ci. Maciji ba ya yin haka. Zafin jikinsa na aro ne, daga ƙasar da ya kwanta a kai da iskar da ta kewaye shi. Saboda haka ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa idan yana hutawa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai shayarwa mai nauyinsa take ƙonawa ba. Babbar mesa ta wannan iri ɓera ɗaya ya ishe ta kwana 10 zuwa 14, kuma takan ƙi cin abinci na watanni ba tare da ta rame sosai ba.

A idon mai lissafin tattalin arziki, ma'anar wannan ita ce, kuɗin da mai kiwo ya tsira da shi a wajen abinci, zai biya shi a wajen wutar lantarki. Mai kiwon kaji babban nauyinsa dusa da masara ne; mai kiwon mesa a ƙasar sanyi babban nauyinsa na kullum shi ne zafi. Idan zafin ya yi ƙasa, cikin macijin ba ya iya narkar da abin da ya haɗiya, sai ɓeran ya fara ruɓewa a ciki kafin ya narke, daga nan sai amai. Mesar da ta amayar da abinci kuwa sai an bar ta kamar mako biyu kafin a sake ba ta wani, kuma idan abin ya maimaitu sau biyu ko uku, sau da yawa mutuwa ce ke biyo baya. Har ila yau garkuwar jikinta ba ta aiki sosai a cikin sanyi, shi ya sa ciwon numfashi, wanda ake gane shi da kumfa a baki da ƙara wajen shaƙar iska da ɗaga kai sama, ya zama cutar da likitocin dabbobi suka fi gani a wurin waɗanda aka ajiye a keji mai sanyi.

A daji dabbar ta san yadda take yi. Da rana tana cikin ramin gafiya ko cikin tsohon suri, inda zafin bai cika sauyawa ba, laima kuma tana nan ko da rani. Da dare ta fito farauta. Idan tana son ɗumi ta matso kusa da bakin rami, idan ya yi mata yawa ta nutsa ciki. Aikin mai kiwo shi ne ya kwaikwayi wannan rami a cikin akwati, ya kuma bar mata zaɓi.

Keji ɗaya, yanayi biyu

Wannan batu na zaɓi shi ne sababbin masu kiwo suka fi kuskurewa. Ba a neman keji ya zama da zafi iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abin da masu kiwo da likitocin dabbobi suka daidaita a kai shi ne, gefe ɗaya ya kasance mai ɗumi, inda shimfiɗar da macijin zai kwanta take da digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma ya tsaya a digiri 25 zuwa 27. Da dare ba laifi idan ya ɗan sauka, amma kada ya yi ƙasa da digiri 24 na tsawon lokaci. Ta ɓangaren sama kuwa, idan dukan kejin ya haura digiri 35 babu inda dabbar za ta gudu, zafin zai iya taɓa mata ƙwaƙwalwa ko ya kashe ta cikin sa'o'i. Sanyi yana kisa a hankali cikin makonni, zafi kuwa a yini ɗaya yake gama aikinsa.

Ganin cewa yawancin na'urorin da ake sayarwa da littattafan da ake rubutawa daga Amurka suke fitowa, mai saye zai riƙa cin karo da ma'aunin Farenhait. Digiri 90 a nasu shi ne kimanin 32 a namu, 80 kuma kusan 27, 75 kuma kusan 24. Rikita waɗannan ma'aunai biyu a jikin na'urar daidaita zafi kuskure ne mai sauƙin yi, mai tsadar biya.

Domin a sami wannan bambanci na gefe da gefe dole kejin ya yi tsawo. Girman da aka fi ba da shawara a kai ga babbar mesa shi ne tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. A ƙaramin akwati, abin ɗumamawa ɗaya zai gasa ko'ina. Sannan a kowane gefe sai an sa maɓoya, wato wani ɗan ƙoƙo ko kasko da aka kifa aka yi masa ƙofa, wanda macijin zai shiga jikinsa ya taɓa bango ta kowane ɓangare. Hikimar sa biyu ita ce, wannan dabba ta fi son ɓuya a kan lafiyarta. Idan maɓoya ɗaya ce tak kuma tana gefen sanyi, can za ta zauna har ta kamu da ciwo.

Na'urorin da ake bukata

Hanyoyin ɗumama keji iri biyu ne, daga ƙasa ko daga sama. Na ƙasa wata 'yar tabarma ce ta lantarki da ake mannawa a gindin akwatin ta waje, ta rufe kimanin sulusinsa. Ba ta cin wuta sosai, amma shimfiɗar kawai take ɗumamawa, ba ta taɓa iska, kuma idan shimfiɗar ta yi kauri zafin ba ya ratsowa. Na sama kuwa akwai ƙwan fitila mai zafi, da wani ƙwai na tangaran mai ba da zafi ba tare da haske ba wanda ya dace da dare, da kuma faranti mai faɗi da ake kafawa a rufin kejin. Waɗannan suna ɗumama iska da shimfiɗa gaba ɗaya, sai dai suna busar da keji, kuma dole a kewaye su da ragar ƙarfe don kada macijin ya naɗe su. Akwai wani dutsen roba mai lantarki a ciki da aka yi yayinsa a shekarun baya. Masu kiwo na ƙwarai sun daɗe da watsar da shi, domin mesa ba ta saurin jin ƙuna a cikinta, tana iya kwanciya a kansa har fatar ta soye.

Ko wanne aka zaɓa, ba a haɗa shi da soket kai tsaye. Sai ya bi ta na'urar daidaita zafi, wadda ke da wata 'yar waya mai ji da ake ajiyewa a daidai wurin da ya fi zafi, tana yanke wuta idan an kai adadin da aka sa mata. Mai rahusa kashewa da kunnawa kawai take yi, don haka zafin yana hawa yana sauka da digiri biyu ko uku. Mai tsada rage ƙarfin wutar take yi a hankali, sai zafin ya tsaya kusan cak. A ra'ayina, idan kuɗi ya gaza, gwamma a rage ado a kejin a sayi wannan na'ura mai kyau. Tabarmar lantarki da aka bari babu mai tsawata mata takan haura digiri 45, kuma babu wata alama da mai gida zai gani sai ranar da ya ɗaga dabbar ya tarar da cikinta ya yi ja ya saɓule.

Ita ma na'urar ba a yarda da ita ido rufe. Ana sa ma'aunin zafi mai lamba guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a daidai tsayin da macijin yake kwanciya, domin ma'aunin da aka manna can sama a jikin gilashi labarin rufi yake bayarwa. Masu kiwo da yawa kan ƙara da 'yar bindigar auna zafi, irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi a ƙofar bankuna a shekarar 2020, sai dai a nemi ta masana'antu wadda ke auna jikin kaya.

Laima, inda aikin ya fi wuya

Idan an sami na'ura mai kyau, batun zafi kusan ya ƙare. Laima ce ba ta da irin wannan sauƙi, kuma dalilin yana cikin ɗabi'ar iska kanta. Abin da ake nufi da laima kashi 60 cikin ɗari shi ne, iskar tana ɗauke da kashi 60 na iyakar tururin ruwan da za ta iya ɗauka a wannan zafin da take. Iyakar kuwa tana ƙaruwa da zafi, kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari a kowane digiri. Iska mai digiri 25 za ta iya riƙe kimanin giram 23 na ruwa a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. A digiri 32 kuwa za ta riƙe kusan giram 34. Saboda haka idan iskar ɗaki mai digiri 25 da laima kashi 60 ta shiga gefen ɗumi aka kai ta digiri 32, ko ɗigon ruwa bai ragu a cikinta ba, amma ma'auni zai nuna kashi 40. Duk lokacin da mai kiwo ya ƙara zafi, ya rage laima ke nan ba tare da ya sani ba.

Abin da mesar take bukata shi ne kashi 60 ko sama kaɗan a kullum, sannan kashi 70 zuwa 80 a lokacin saɓa. A ɗakin Bature da ake ɗumamawa lokacin sanyi, mai digiri 20 da laima kashi 40, iskar da ta shiga keji ta kai digiri 32 takan koma kashi 20 kacal. Wanda kuma ya ce zai ajiye ta a Kano ko Jos da hunturu, inda laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, dare kuma ya yi sanyin da ya yi nesa da digiri 24, matsalarsa ta fi ta Baturen, domin iska mai kashi 15 a digiri 25 tana komawa kashi 10 a gefen ɗumi.

Wani lissafi mai ban mamaki shi ne ƙanƙantar ruwan da ake magana a kai. Kejin da aka ambata a sama, ko da dukan iskar cikinsa tana digiri 32, ruwan da zai kai ta kashi 60 bai cika giram 9 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi biyu. Ashe ke nan matsalar ba ta ƙarancin ruwa ba ce, ta yoyon iska ce. Akwatin gilashi mai murfin raga, irin wanda ake sayar wa sababbin shiga, tamkar bututun hayaƙi yake: iska mai ɗumi da laima ta fice ta sama, busasshiya ta maye gurbinta, a haka yini da dare. Shi ya sa masu kiwo suka fi son kejin roba ta PVC mai ƙofa a gaba da 'yan ƙananan tagogi a gefe. Wanda ya riga ya sayi na gilashi zai iya rufe kashi biyu cikin uku na ragar da falle na gorar ruwa ko roba mai jure zafi, ya bar wurin fitila da wurin shaƙar iska.

Hanyar da ta fi ɗorewa wajen riƙe laima ita ce shimfiɗa mai kauri, kamar santimita 8 zuwa 10, ta ɓawon kwakwa da aka daddatsa ko ƙasa mai tsabta da ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba. Ana zuba ruwa a kusurwoyi ya ratsa ƙasa, saman kuma ya kasance a bushe, sai tururi ya riƙa tasowa a hankali na kwanaki. Fesa ruwa da gwangwanin feshi yana ɗaga lambar ma'auni na awa ɗaya ko biyu ne kawai, ya bar saman shimfiɗa a jiƙe, kuma wannan jiƙewar ita ce uwar ruɓewar ɓawon ciki, cutar da ke farawa da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a ƙarƙashin maciji. Iska mai laima ake so, ba gado mai ruwa ba. Garin katako na masassaƙa, wanda shi ne zai fara zuwa a ran mai kiwon kaji, bai dace ba: yana da ƙura, yana yin fumfuna, kuma man da ke cikin wasu itatuwa irin su sida da fain yana cutar da huhun maciji. Kwanon ruwa mai faɗi da nauyi, wanda ba za ta iya kifar da shi ba, yana taimakawa, musamman idan an matso da shi kusa da gefen ɗumi.

Ita dabbar da kanta tana bayar da rahoto. Kafin saɓa launinta yakan dushe, idanunta su yi fari-fari kamar madara na 'yan kwanaki, sannan su washe, bayan wasu kwanaki ta tuɓe. Idan saɓar ta fita guda ɗaya kamar an cire safa, laima ta yi daidai. Idan ta fita gutsattsare, ko ta maƙale a kan ido ko a ƙarshen wutsiya, akwai gyara. Wadda ta maƙale a wutsiya tana iya ɗaure jini har ƙarshen ya mutu ya faɗi, kuma mesa mai guntuwar wutsiya ta rasa darajarta a kasuwa har abada. Maganin gaggawa shi ne a sa mata wata maɓoya ta uku da aka cika da gansakuka mai danshi.

Ma'aunin laima mai allura da ake sayarwa da araha yakan yi ƙarya da kashi 10 ko fiye. Gwada shi ba ya cin ko kwabo: a zuba gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko roba marar yoyo na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna kashi 75. Duk bambancin da aka gani, sai a riƙa ƙarawa ko ragewa a lissafi.

Lissafin wuta

A ɗauka ana amfani da ƙwan tangaran mai wat 100, na'urar daidaita zafi kuma tana barinsa a kunne rabin lokaci. Wannan ya zama yunit 1.2 a rana, yunit 36 a wata. A farashin naira 209.50 kan kowane yunit da aka sa wa masu rukunin A a watan Yulin 2024, kuɗin ya kama naira 7,542 a wata kan keji ɗaya, wato sama da naira 90,000 a shekara. Mai keji 20 zai biya fiye da naira 150,000 a wata kafin ya sayi ɓera ɗaya. Wannan ne ya sa manyan masu kiwo a Amurka suke jera robobi a kan kanta kamar aljihun tebur, su bi bayansu da zare ɗaya na lantarki, ko da yake ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi suna sukar tsarin da cewa ya ƙuntata wa macijin, kuma ina ganin sukar tana da tushe idan ana maganar dabbar da za ta shekara da shekaru a wurin.

Shekarun kuwa ba kaɗan ba ne. Wannan mesa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kulawa. A gidan namun daji na Sen Luwis da ke Amurka, wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta saka ƙwai 7 a watan Yulin 2020. Wanda ya saya wa ɗansa ita yana firamare, ya ɗauko wa kansa takardar kuɗin wuta da za ta riƙa zuwa har yaron ya yi aure.

A nan ƙasar, ɗaukewar wuta ta fi tsadarta zama barazana. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Idan irin haka ta faru a lokacin sanyi, abin yi shi ne a daina ba dabbar abinci nan take, a lulluɓe kejin da bargo, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a gefe ɗaya. Da bazara kuwa, a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi kan wuce digiri 40, na'urar daidaita zafi ba ta da amfani domin ba ta sanyayawa. Sai a kai kejin ɗakin da ya fi sanyi, a sauke shi ƙasa, a nisanta shi daga taga da rufin kwano.

Ƙwai da gonakin bakin teku

A gaɓar teku, daga Legas zuwa Akara, zafi da laimar da Bature ke saye da kuɗi kyauta Allah ya bayar, kuma a kan wannan rangwame aka gina gonakin mesa na Lome da Kwatano da Akara. Tsarin shi ne, a ƙarshen rani maharba su tono mata masu ciki ko ƙwai daga ramuka da surori, a ajiye su har a ƙyanƙyashe, a fitar da 'ya'yan, sannan bisa ƙa'ida a mayar da iyayen da wani kaso na 'ya'yan daji. A wajen shekarar 2020 kason da aka amince wa Togo ta fitar ta wannan hanya shi ne 62,500 a shekara. Ko ana mayar da su yadda aka ce, kuma ko a inda aka kamo su ake sakinsu, wannan shi ne abin da masu bincike suka daɗe suna tambaya, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sa wannan mesa a jerin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

Macen takan saka ƙwai 3 zuwa 11, galibi wajen 6. Mai kiwon kaji da ke tunanin na'urar ƙyanƙyasarsa za ta yi aikin, ya yi hattara. Ƙwan kaza yana son digiri 37 da rabi, ana juya shi kullum, ya fashe a kwana 21. Ƙwan mesa digiri 31 zuwa 32 yake so, da laima kashi 90 ko fiye, na tsawon kwana 55 zuwa 60, kuma ba a juya shi ko kaɗan, domin ɗan tayin yana manne wa sama ne, idan aka kifa shi zai iya mutuwa. Ɓawonsa taushi ne da shi kamar fata, yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Idan iska ta bushe sai ya lotsa tun kafin lokaci, idan kuma raɓa ta riƙa ɗiga masa daga murfi sai ya yi fumfuna. Asarar kwanci ɗaya asarar shekara guda ce, tunda macen ba ta wuce saka ɗaya a shekara, wani lokaci ma takan tsallake.

Bayan ƙyanƙyasa saura hanya. Ana zuba 'ya'yan a jakunkunan yadi, a jera a akwati mai rufin soso, bisa ƙa'idojin ɗaukar dabbobi masu rai na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA. Akwatin da aka manta a filin jirgi cikin rana a Lome, ko a kan dandamali cikin ƙanƙara a Turai, awa biyu sun isa su mayar da kayan gawa.

Abin takaicin shi ne, duk da wannan rangwame na yanayi, ba a nan ribar take tsayawa ba. Labarin ya yi kama da na fata da ƙirgi da koko. A shekarar 1992 wani mai kiwo Ba'amurke, Bob Clark, ya fara samun zabiyar mesa ta hanyar haɗa aure a keji, a 1997 kuma Peter Kahl ya samar da mai dabbare-dabbaren fari. Iyayen waɗannan daga dajin Afirka ta Yamma aka kai su. Daga nan aka shiga haɗa launuka har suka kai dubbai, sababbin fitowa ana sayar da su dubban daloli, alhali mai launin asali da aka kai daga Lome ba ta kai dala 100 a kanti ba, abin da ya isa hannun maharbi kuwa ɗan kaɗan ne daga ciki. Abin da masu kiwon Amurka suka fi mu da shi a wannan fanni shi ne ɗakin da zafinsa da laimarsa ba sa motsi shekara da shekaru, da littafin da ake rubuta wace ta haifi wace.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya da wannan bayani ya ba shi sha'awa, akwai shingen doka kafin komai. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar CITES tun 1974, kuma dokar soja mai lamba 11 ta shekarar 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta hukuncinta, ita ce ta kafa tsarin kame da cinikin dabbobin da ke fuskantar barazana a ƙasar. Wannan mesa tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar, wato ba ta tsallaka iyakar kowace ƙasa sai da takardar izini. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da batun izinin, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tare da jami'an kwastan kuma su ne ke kama wanda ya karya. Buhun mesa da aka bi da shi ta Seme ko Idiroko babu takarda kayan fasa-ƙwauri ne, ko da kuwa a gonar mutum aka tono su.